Riƙon Aji

Shekara bakwai na yi ina rubuta ƙarya da hannuna, sau biyu a kowace shekara, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa dawo min da takardar an ce in gyara ba. Kyan rubutu ne ya ja min. Ranar da na kama aiki a kwalejin da na koyar a Dutse, shugaban sashenmu ya ɗauki takardar da na rubuta ta neman aiki, ya nisanta ta da fuskarsa yana kallo, ya ce, "Malama, ke kika rubuta wannan da kanki?" Na ce ni ce. Ya ce, "Alhamdu lillahi, mun samu mai cike mana fom." Ni kuma da wautata har da murmushi, na ɗauka yabona ake yi.

Fom ɗin na rabon darussa ne. Doguwar takarda ce mai gida-gida: sunan kwas, sunan malamin da yake koyar da shi, awa nawa yake yi a aji duk mako, sannan jimillar awannin kowane malami. A can ƙasa akwai wurin sa hannu biyu, na wanda ya cike da na shugaban sashe. Ana sa takardar kabon a fitar da uku, ɗaya ta tafi ofishin rajistara, ɗaya ta tafi ma'aikatar ilimi, ta ukun ta zauna a kabad ɗinmu gara ta sha biki. Duk farkon zangon karatu sai in jawo na bara in ajiye a gefe, in kwafe shi layi-layi, in canja shekara. Aikin rabin awa ne. Ban taɓa jin labarin wanda ya karanta shi ba.

Lokacin jihar ba ta daɗe da kafuwa ba. Dutse ta wayi gari an ce ita ce babban birni, ga duwatsu ga dabino, amma gidan da babban ma'aikaci zai yarda ya sa iyalinsa sai an tona. Saboda haka manyanmu suka bar iyalansu a Kano. Talata da hantsi za ka ga motocinsu sun shigo, Alhamis kafin la'asar sun kama hanyar Wudil. Mu kuwa ƙanana muna nan daram. Ni 'yar Ringim ce, maigidana yana aiki a sakatariya, mun kama haya a Yalwawa, ba ni da wani Kano da zan gudu. Litinin da Juma'a in ka shigo kwalejin, mu kaɗai za ka tarar, sai awakin masu gadi.

Daga nan riƙon aji ya samo asali. Babba zai kira ƙarami ofis, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi gajiya, sannan ya ce, "Ka ɗan riƙe min ajin nan na Litinin, mako ɗaya kawai, ina da uzuri." Mako ya zama wata, wata ya zama zango, har ɗalibai su gama su tafi ba su san fuskar mai kwas ɗin ba. Ba wanda yake kallon abin a matsayin zalunci. Girmamawa ce, kamar ka karɓi butar dattijo ka cika masa. In aka zaɓe ka ma har ɗan alfahari kake yi, an ga ka isa. Ni kaina ina riƙe wa shugaban sashe aji ɗaya na ranar Juma'a. Sharaɗin dai ɗaya ne, kuma ba a taɓa faɗarsa da baki ba: a fom sunan mai kwas ake rubutawa, ba na mai riƙo ba.

Babban mai kwas a sashenmu shi ne Dakta. Haka kowa yake kiransa, don shi kaɗai ne mai wannan digiri a cikinmu. Kada a ce na ɓata shi. Mutum ne mai fara'a, mai ilimi na gaske, rabin malaman yankin nan ta hannunsa suka bi. Duk Talata sai ya zo mana da gurasa daga Kano, a shimfiɗa jarida a tebur, a ci ana dariya. Kwas huɗu ne da sunansa a fom ɗina, awa goma sha biyu a mako. A shekara bakwai ɗin nan ban taɓa ganin alli a hannunsa ba.

Allin yana hannun Malamin Taura. Shi ma ba da sunansa muke kiransa ba, garinsu muka liƙa masa. Dattijo ne siriri, marar magana, tsohon malamin firamare wanda ya yi ta ƙaro karatu da kaɗan-kaɗan har ya kai inda ya kai. Dakta ne ya koyar da shi tun a makarantar horon malamai, shi ya tura shi ƙaro ilimi, shi ya kawo shi kwalejin. Duka kwas huɗun nan shi yake riƙe da su, ga nasa guda ɗaya. Shi yake fitar da jarrabawa, shi yake maki, ya jera takardun sakamako a fayil ya ajiye wa Dakta ya sa hannu ranar Talata. Kafin Alhamis muryarsa ta dushe, sai ka gan shi da filas na ruwan citta yana kurɓa tsakanin aji da aji. Hannun rigarsa na dama kullum fari fat da ƙurar alli. Maƙwabcinmu ne a Yalwawa, gida uku tsakani, duk Juma'a matarsa takan aiko min da dambu, ni kuma in mayar da kwanon da abin da ya samu. Awa goma sha biyar yake tsayuwa a mako, ni kuma da kyakkyawan rubutuna nake ba shi uku.

Haka muke har shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Gari ya ɗauka, ko'ina wa'azi, ko'ina maganar gyara. A kwalejinmu aka raba benci, maza dama mata hagu, aka kafa kwamitin tufafi, aka matsar da darasin azahar don kowa ya samu jam'i. Ni ba ni da ja a kan ko ɗaya, mayafina dama can babba ne. A Islamiyyar matan aure da nake zuwa ranar Asabar, malamarmu ta yi mako uku tana bayani a kan manyan zunubai, ta daɗe a kan shaidar zur. Ina zaune ina gyaɗa kai, ina jinjina ƙarfin halin mutanen da suke zuwa gaban alƙali su yi ƙarya. Wallahi ko kusa ban kawo kaina a ciki ba.

Ana cikin haka takarda ta zo daga ma'aikata. An ce malamai sun yi yawa a manyan makarantu, sakandaren karkara kuma ba kowa. Duk malamin da bai kai awa takwas a mako ba za a cire shi daga kwaleji a tura shi sakandare, kuma da fom ɗin wannan zangon za a yi aiki. Takardar da ba wanda ya taɓa karantawa, yau ga ranarta ta zo. Na jawo kwafin bara daga kabad, na bi da yatsa daga sama har ƙasa. Mutum ɗaya ne tak a sashenmu bai kai takwas ba. Malamin Taura, awa uku, da rubutuna, da sa hannuna a ƙasa. Nan take maganar malamar Islamiyya ta faɗo min a rai.

Na ɗauki fom ɗin na shiga wurin shugaban sashe.

"Yallaɓai, yaya zan cike na bana?"

"Yadda aka saba mana," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

"Yadda aka saba zai kori Malam."

Sai ya ajiye biro. Shi mutum ne mai son zaman lafiya, irin wanda in ya hango rigima a wannan baranda sai ya bi ta waccan. Ya ce ai ya riga ya yi magana da Dakta, Dakta kuma ya ce a bar masa, kalma ɗaya zai yi a ma'aikata, ba mai taɓa yaronsa.

Na ce, "To me zai hana a rubuta wa Malam kwasa-kwasan da yake koyarwa, kowa ya huta?"

"Haba Malama! Dakta fa ƙarin girma yake jira. Kina so a ga sunansa ba awa ko ɗaya?"

"Ni ba so nake ba, Yallaɓai, haka abin yake."

Ya ce in je in yi tunani, in na huce in dawo.

Ban huce ba. Na san kalmar manya. Ana yin ta a baranda, ana dariya, ana riƙe da hannun juna, wata mai zuwa a sauya wa wanda aka faɗa wa ofis, kalma ta bi iska. Takarda kuwa tana nan a fayil. Wanda zai zauna ya ja layi da jan biro bai san Malamin Taura ba, bai taɓa jin tarinsa ba, uku kawai zai gani.

Na kuma san in na rubuta gaskiya daga kaina za a ce ƙiyayya ce ko jita-jita. Don haka Litinin da safe na ɗauki jadawali da littafi na fita. Duk lokacin da ba ni da aji, sai in bi azuzuwan sashenmu ɗaya bayan ɗaya, in tsaya a taga, in dubi wanda yake gaban allo, in rubuta sunansa da lokaci. Ɗalibai suna ta leƙena suna ƙus-ƙus. Kafin Laraba abokan aiki sun raɗa min 'yar sintiri. Wani ya tare ni a baranda ya ce, "Malama, a samo miki usur da kulki?" Na ce, "Samo min, kai zan fara hura wa, ajinka na ƙarfe goma tun ɗazu yake jiranka." Ranar Juma'a na rubuta sunana a ajin shugaban sashe, don ban ga dalilin da zan tona na kowa in rufe nawa ba.

Malamin Taura ya gan ni a tagarsa har ya gaji, bai ce komai ba a makaranta. Asabar bayan la'asar sai ga sallamarsa a ƙofar gidanmu. Maigidana ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, suka gaisa, sannan ya ce da Malama yake son magana. Na fito na tsuguna daga gefe.

Ya ce, "Malama, don girman Allah ki bar takardar nan yadda take."

"Malam, tura ka fa za su yi."

"To sai me? Daga ƙauye na fito. In rabon in koma ne, sai in koma."

"Yaranka da suke makaranta a nan fa? Karatun da ka yi ta yi har furfura ta fito maka fa? Duk a banza?"

Ya shiga murza bakin tabarma. Can ya ce, "Ba ki san abin da mutumin nan ya yi min ba. Lokacin da mahaifina ya rasu ina aji biyu a makarantar horo, na ɗaure kayana zan bar karatu in koma gona. Shi ya biyo ni har tasha ya sauke akwatina daga kan mota da hannunsa. Yau kuma a ce ni na ƙwace masa kwas? Da wane ido zan dube shi?"

Na ji maganar har cikin raina, ba zan ɓoye ba. Amma zuciyata ta riga ta hau. Na ce, "Malam, ni ban hana ka yi masa biyayya ba. Ka riƙe masa aji har ka yi ritaya, ka wanke masa mota ma in ka ga dama, wannan tsakaninku ne. Amma a ƙasan takardar nan ba hannunka ba ne, ba na Dakta ba ne, nawa ne. Shekara bakwai ina shaida cewa awa uku kake yi. A da na ɗauka ba ta cutar da kowa, yanzu da ita za a kore ka. Ranar da za a tambaye ni, kai za ka tsaya min?"

Ya ce, "Ni na yafe."

Na ce, "Ni ban yafe wa kaina ba."

Ya tashi ya sa takalminsa, ya yi wa maigidana sallama, ni ko kallona bai yi ba. Maigidana ya naɗe tabarmar, ya ce, "Kin san za su juya miki baya ko?" Na ce na sani. Ya ce, "To ki rubuta da kyau."

Ranar Litinin na zauna da littafina na cike fom ɗin. Aikin rabin awa ya ci min wuni. Da na zo kan jimillar Dakta sai da na ajiye biro na fita na zagaya na dawo, don ban taɓa rubuta wa ɗalibi ma sifiri ba sai na ji ba daɗi, balle mutumin da nake cin gurasarsa duk mako. Na rubuta shi dai, zagayayye, ba karkata.

Talata ce ranar ƙarshe ta miƙa fom, kuma ranar ce taron sashe. Mu goma sha ɗaya a ɗaki, ni kaɗai ce mace. Gurasar Dakta tana tsakiyar tebur. Da aka zo kan maganar fom, na ciro shi cikakke, kwafi uku, da sa hannuna a gurbina, na tura gaban shugaban sashe. Ya duba, fuskarsa ta canja, ya rasa inda zai sa shi, sai ya miƙa wa Dakta.

Dakta ya ciro tabarau, ya karanta a tsanake daga sama har ƙasa. Ya yi murmushi.

"'Yata, wannan sifirin na wane ne?"

"Naka ne, ranka ya daɗe."

"Kin san ni na tsara kwasa-kwasan nan tun kina firamare?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Da fom ɗin ya tambayi wanda ya tsara, da sunanka na rubuta da manyan baƙaƙe. Wanda yake koyarwa ya tambaya."

Ɗaki ya kaure. Wani ya ce rashin kunya ne, wani ya ce tun da aka kafa kwalejin ba a taɓa haka ba, wani ya ce shi ya sa ba a ba mace irin wannan aiki. Wannan na ƙarshen ne ya ƙarasa tunzura ni. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi a taro ba. Na ce, "Malamai, mun raba benci, mun auna mayafin ɗalibai, mun gyara lokacin salla, duk na yarda, da ni aka yi. To ita shari'ar a bakin ƙofar ofis take tsayawa? Wannan takarda shaida ce. Duk wanda ya sa hannu cewa Malam awa uku yake yi, ya yi shaidar zur, kuma da ita za a raba bawan Allah da aikinsa. Ni na yi shekara bakwai ina yi, na tuba. Wanda yake so ya karɓa, ga biro."

Na ajiye biron a kan jaridar gurasa na zauna.

Dakta bai kula ni ba. Ya juya wurin Malamin Taura, wanda yake zaune a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, kansa a ƙasa.

"Kai ka sa ta?"

"Wallahi ban sa ta ba, ranka ya daɗe. Har gida na je na roƙe ta."

"To faɗa musu, wa yake koyar da kwasa-kwasan nan?"

Ban san amsar da Dakta yake jira ba. Ina jin shi kansa ya daɗe da yarda cewa shi ne yake koyarwa, ta bakin yaronsa. Malam ya ɗago kai. Yanzu ya gama rantsuwa da Allah, ba zai iya ɗora ƙarya a kanta ba, ga kuma mutumin da ya sauke masa akwati a tasha yana kallonsa. Da ƙyar muryar nan tasa ta fito.

"Riƙe maka nake yi, ranka ya daɗe."

Shugaban sashe ya yi gyaran murya, ya ce tunda Malama ta ƙi, akwai sabon fom a kabad, wani ya cike yadda aka saba. Ya dubi na damansa, na dama ya ce rubutunsa ba kyau. Ya dubi na gaba, shi kuma ya ce ya manta tabarau a gida. Wanda ya ce ba a ba mace irin wannan aiki kuwa agogo ya shiga dubawa, wai azahar ta kusa. Mutanen nan ba tsorona suke ji ba. A waccan shekarar, bayan an ambaci shaidar zur a gaban mutum goma, ba mai son a ce shi ya ɗauki biron. Shi kansa shugaban sashe da aka bar shi da biron, ya juya shi a hannu, ya sake juyawa, sannan ya jawo nawa fom ɗin ya sa hannu, ya danna har kabon ya yage. Dakta ya tashi ya fita. Gurasar ranar masu shara ne suka ci. Ni na kai fom ɗin ofishin rajistara da ƙafata, ban ba kowa ba.

Da jerin sunayen waɗanda za a tura ya fito, babu Malamin Taura. Dakta ma babu shi, dama ba wanda ya zaci za a tura Dakta sakandaren ƙauye. An dai kira shi sama aka ce ya koma ajinsa. Litinin ta farko da ya shiga, ɗalibai suka miƙe suna kallon juna, shugaban aji ya matso cikin ladabi ya ce, "Yallaɓai, Malam bai iso ba tukuna, ko za ka jira shi a ofis?" Kafin azahar labarin ya zagaye kwalejin. Na yi dariya har da hawaye, ba zan yi ƙarya ba. Ɗaliban kuma suka ce da ya fara magana, ba su taɓa jin darasi mai daɗin nasa ba, wannan ya fi komai ba ni haushi. Zango ɗaya ya yi ya nemi canji ya koma Kano gaba ɗaya.

Ni kuwa na sha. Aka karɓe fom daga hannuna, wai don in huta. Jadawali na gaba ya fito da ni a ajin ƙarfe takwas na safe da na ƙarfe huɗu na yamma, kowace rana, a ginin da ya fi nisa. Fayil ɗina na ƙarin girma ya yi ɓatan dabo, sai da ya shekara biyu kafin a gan shi a ƙarƙashin na wani. In na shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu. Duk wannan ko a jikina. Ina shiga ajina ƙarfe takwas daidai, ina gaida kowa da ƙarfi don ya amsa ko bai so ba.

Abin da ya dame ni Malamin Taura ne. Sallama ce kawai ta rage tsakaninmu, ita ma don ba yadda zai yi ne. Dambun Juma'a ya daina zuwa. Bayan babbar salla muka yi kiciɓis a ƙofar ofis, ba hanyar kaucewa, na ce, "Malam, an yi salla lafiya?" Ya tsaya. Ya ce ya je Kano gaida Dakta kamar yadda yake yi duk shekara, aka bar shi a zaure tun hantsi har aka kira azahar, sannan aka fito aka ce Dakta yana hutawa. Ya ce, "Malama, kin tsare min aiki, kin rufe min ƙofa. Ban san me zan ce miki ba." Ya wuce. Ranar nan da na koma gida kuka na yi sosai. Ban yi nadama ba, har yau ban yi ba, da za a dawo da ranar haka zan sake yi. Amma na gane ni na yi tsayuwar, shi ya sha dukan.

Riƙon aji kuwa bai mutu ba. Shekara na zagayowa aka kawo wani babba a gurbin Dakta, shi ma ɗan Talata zuwa Alhamis, kuma kafin wata ya cika na hango Malamin Taura a ajinsa na Litinin, da filas ɗinsa a kan tebur. Na ce a raina, wannan bawan Allah sai dai addu'a. Fom a lokacin yana hannun wani malami da ya zo bayana. Ofishinsa yana jikin nawa, katako ne kawai ya raba mu, ko tari aka yi sai na ji. Wata safiya ina maki sai na ji sallamar Malam a can, da dusasshiyar muryar nan tasa.

"An ce kai kake cike fom bana."

"Ni ne, Malam. Na ma kusa gamawa."

"Mu gani." Na ji motsin takarda. "Wannan layin na Litinin. Ni nake shiga ajin nan."

"Na sani, Malam, ai riƙo ne. Yadda aka saba..."

"Zan ci gaba da riƙe masa, ba zan fasa ba. Amma kai za ka sa hannu a ƙasa, ba na so in ɗora maka. Ɗauko sabon fom ka sa sunana."

Na ji an buɗe kabad. Jan birona yana hannuna, na kasa ci gaba da makin. Malam ya fito ya biyo ta ƙofata wadda take a buɗe, hannun rigarsa fari fat. Bai tsaya ba, bai ma juyo sosai ba. Ya ce, "Malama, barka da aiki." Kafin in amsa har ya kai ƙarshen baranda. Juma'ar nan kwanon dambu ya dawo.